Daga Maiwurno zuwa Ƙololuwar Habasha: Abin da Masana Suka Karanto a Jinin Dabbobin Tsauni

Duk wanda ya girma a bakin Nil Azrak, daga Rusairis zuwa Sinja, daga Maiwurno zuwa Wad Madani, ya san ruwan da yake sha ba a ƙasarsa hadarinsa ya haɗu ba. Damina na iya yin rowa a Jazira amma kogi ya cika ya batse a watan Agusta, domin can gabas, a kan tsaunukan Habasha, ana ta sheƙa ruwa dare da rana. Daga can lakar take gangarowa. Ita ce ta shimfiɗa ƙasar jaraf, wato gaɓar kogi, da Hausawa ke dasa albasa da tumatir a kanta, ita ce kuma ke cushe magudanan gandun Jazira har sai an kawo injin yasa. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke isa Masar daga waɗannan tsaunuka yake fitowa, ta Nil Azrak da Atbara da Sobat.

Tun da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya jagoranci ragowar masu hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka sauka kudu da Sannar, hankalin mutanen nan wuri biyu yake komawa: Sakkwato da aka baro a yamma, da Makka da aka nufa a gabas. Ba kasafai ake ɗaga kai a tambayi abin da ke saman dutsen da kogin ya fito ba. To akwai abin tambaya. A can sama, inda raɓa ke daskarewa da asuba ko da a tsakiyar Afirka ne, akwai dabbobin da babu irinsu a ko'ina a duniya, kuma shekara talatin ke nan masana na ɗibar jininsu da gashinsu da kashinsu suna karanta ƙwayoyin gadon da ke ciki. Tambayar da ake son amsawa guda ce: idan duniya ta ƙara zafi, waɗannan dabbobi za su iya sauyawa su rayu, ko kuwa sun zo ƙarshen hanya?

Sai an fara fahimtar yadda dutse yake. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Saboda haka dabbar da ta saba da sanyi, idan inda take ya yi ɗumi, abin da za ta yi shi ne ta ƙara hawa. Matsalar ita ce dutse kamar tsibin dawa yake a masussuka, gindinsa faɗi, kansa tsini. Duk hawan da aka yi, fili ƙara ƙanƙancewa yake, kuma Ras Dashen, dutse mafi tsawo a Habasha, bai wuce mita 4,550 ba. Daga nan sai sararin sama.

Kyarkecin da bai kai 500 ba

A cikin dabbobin nan babu wanda aka fi bincika kamar kyarkecin Habasha. Ja ne, siriri, mai dogon baki da dogayen ƙafafu, wanda in Bahaushe ya hango shi zai ce dila ne ya ƙoshi. Gaba ɗaya abin da ya rage a duniya bai kai 500 ba, a warwatse kan 'yan tsaunuka, fiye da rabinsu a tsaunukan Bale da ke kudu maso gabas. Ba ya farautar barewa a garke kamar danginsa na Turai. Ɓera yake ci. Shi kaɗai yake fita, ya laɓe a bakin rami, kuma a Bale abin da ya fi so shi ne wani ƙaton ɓeran rami mai nauyin kusan kilo guda wanda idanunsa ke a saman kansa. Ɓeran nan ma ba a samun sa ko'ina sai Bale. Har mutanen da suka zauna a kogon Fincha Habera, a tsayin kusan mita 3,500, tsakanin shekara 47,000 da 31,000 da suka wuce, shi suka riƙa gasawa, kamar yadda binciken da aka buga a mujallar Science a 2019 ya nuna daga ƙonannun ƙasusuwan da aka tono.

Binciken ƙwayoyin gado na farko-farko, wanda Dada Gottelli da Claudio Sillero da abokan aikinsu suka yi, ya fito da abu biyu. Na ɗaya, a 1994 an tabbatar da cewa karnukan makiyaya suna barbarar matan kyarkeci a wani kwari na Bale, ana samun ruwa-biyu. Na biyu, bayan shekara goma, aka nuna cewa lokacin da kyarkecin ya fi jin daɗin duniya shi ne zamanin ƙanƙara, sa'ad da sanyi ya sauko ƙasa, ciyawar tsauni ta haɗe dutse da dutse ta zama fili guda. Da ƙanƙarar ta janye, ciyawar ta ja da baya zuwa sama, kowane ayari ya maƙale a kan dutsensa. Wato ɗumamar yanayi ta riga ta taɓa cin wannan dabba sau ɗaya, tun kafin a ƙera mota ko a haƙa rijiyar fetur.

A 2023 Jazlyn Mooney da abokan aikinta suka karanta DNA ɗin wasu kyarketan Bale daga farko har ƙarshe. Sun tarar da bambancin da ke tsakanin wannan kyarkeci da wancan kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da kyarkecin Turai ko ma karnukan gida, alamar cewa zuriyar ta sha ƙanƙancewa ba sau ɗaya ba, kuma ta daɗe a ƙanƙance. Sun kuma ga alamar zaɓi a wata ƙwayar gado da ake kira CREBBP, wadda ke da hannu a yadda jiki ke amsawa idan iskar oksijin ta yi ƙaranci.

A nan nake ganin jaridu kan yi gaggawa. Da an ce an gano ƙwayar gadon jure wa tsauni, sai a buga labari kamar an gano maganin sauyin yanayi. Ba haka ba ne. Abin da aka gano shaida ce ta yadda dabbar ta koyi numfashi a iska mara kauri cikin dubban shekaru. Wannan tarihi ne. Bai ce komai ba game da abin da zai faru idan manomin sha'ir ya ƙara hawa da garmarsa mita 200 domin sanyin da ke kashe masa shuka ya ragu, ciyawar ta tafi, ɓera ya bi ta. Abin da ke magana a kan gobe shi ne ɗaya sakamakon, wanda ba ya jan hankalin mai buga labari: ƙarancin bambanci. Zuriya ba ta sauyawa sai in akwai wasu a cikinta da suka ɗan bambanta da saura, waɗanda in hali ya juya su ne za su tsira su hayayyafa. In kowa kamar kowa yake, abin da ya kayar da ɗaya shi zai kayar da duka.

An ma ga hakan ta fuskar cuta. Haukan kare ya shiga kyarketan Bale a farkon shekarun 1990, ya sake dawowa a 2003 da 2008 da 2014, kuma a wasu wuraren yakan kashe fiye da rabin waɗanda ke nan. Daga karnukan ƙauye yake zuwa, ƙauyukan kuwa ƙara hawa suke. Shirin kare kyarkecin Habasha, wanda Sillero na Jami'ar Oksfod ya kafa a 1995, ya shekara da shekaru yana yi wa karnuka allurar rigakafi, kuma daga 2018 aka fara ɓoye maganin a cikin nama ana ajiye wa kyarketan su ci da kansu.  

Biri mai kiwo

Jelada biri ne da ke zaune a kan ɗuwawunsa yini guda yana tsinkar ciyawa da yatsu yana ci, abin da babu wani biri a duniya da ya mayar sana'a kamarsa. Yana da jan tabo a ƙirji, namijin kuma da geza. Kakannin danginsa sun taɓa bazuwa a Afirka har suka kai Sifen da Indiya. Duk sun ƙare sai shi, a tsaunukan Habasha, daga wajen mita 1,800 zuwa sama da 4,000.

Kenneth Chiou da Noah Snyder-Mackler da wasu masana, ciki har da 'yan Habasha, sun buga cikakken karatun DNA ɗinsa a 2022. An yi zaton za a tarar jininsa ya yi kauri da himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin, kamar yadda ake gani a jikin mutanen tsaunukan Andis na Kudancin Amurka. Ba a tarar ba. An ga 'yan sauye-sauye a ginin himogulobin ɗin, amma da aka gwada a ɗakin bincike sai aka ga bai fi na biran ƙasa riƙe oksijin ba. Abin da ya fito fili shi ne faɗin ƙirji: jelada ya fi danginsa na ƙasa girman ƙirji idan aka yi la'akari da jikinsa, wato mai yiwuwa huhunsa ne ya ƙaru. Wannan ya yi kama da abin da aka sani game da mutanen Amhara na tsauni, waɗanda su ma jininsu ba ya kauri kamar na mutanen Andis. Kowane dutse da dabarar da mazaunansa suka samo.

Sai kuma abin da ba wanda ya je nema. Jeladan arewa, na tsaunukan Simiyen, suna da kuromosom 44, na tsakiyar ƙasar kuwa 42, domin kuromosom na bakwai ya rabe biyu a zuriyar arewa. Irin wannan bambanci na iya sa 'ya'yan da aka haifa tsakanin ɓangarorin biyu su kasa haihuwa sosai. In haka ne, abin da ake ƙirgawa a matsayin jinsi guda mai yawa, jinsi biyu ne, kowanne ya fi ƙanƙanta da yadda aka zata, kuma ba za a iya ɗebo wannan a ƙara wa wancan ba tare da tunani ba. Tun a 1998 masanin birai Robin Dunbar ya yi lissafin cewa duk ƙarin zafi na digiri 2 zai tura iyakar jelada ta ƙasa sama da kusan mita 500, saboda ciyawar da yake ci ba ta jure zafi.

Ta ukunsu ita ce waliya, akuyar dutse mai manyan ƙahoni da ba ta da gida sai gangaren Simiyen. Tana da 'yar'uwa a Sudan, akuyar dutsen Nuba da ke tsaunukan Bahar Maliya wajen Arkawit, har wasu suka daɗe suna cewa jinsi ɗaya ne. Binciken Berihun Gebremedhin na 2009, wanda aka yi da DNA ɗin da aka ciro daga kashin dabbar don kada a tayar mata da hankali, ya nuna waliya daban take, ta sanyi ce, 'yar'uwarta ta hamada ce, kuma bambancin gado a tsakanin waliya yana cikin mafi ƙaranci da aka taɓa aunawa a dabba mai shayarwa. Yawanta ya haura 800 a 2015. Ƙidayar 2024, bayan annobar korona da yaƙin arewacin Habasha sun kori masu yawon buɗe ido sun raunana tsaro, ta samu kusan 300. Wannan ba aikin zafi ba ne, aikin bindiga da tarko ne, amma duk wadda aka kashe ta tafi da wani abu na ɗan bambancin da ya rage.

Inda aka ga sauyin da ido

Abin da Habasha ba ta da shi da yawa shi ne tsohon ma'auni, wato samfurin dabbar shekara ɗari da suka wuce da za a gwada da ta yau. Amurka na da shi. Tsakanin 1914 da 1920 Joseph Grinnell ya bi tsaunukan Yosemite a Kalifoniya yana kama ƙananan dabbobi, yana rubuta tsayin wurin da ya kama kowacce, yana ajiye fatunsu a gidan tarihi na jami'a a Bakli. Da aka koma wuraren bayan kusan ƙarni guda, sanyin dare ya ragu da kusan digiri 3, kuma wani ɗan kuregen tsauni mai zane a baya ya janye iyakarsa ta ƙasa sama da mita 500. Aka ciro DNA daga tsofaffin fatun aka gwada da na yau. Sakamakon 2012 ya nuna an yi asarar bambanci, ayarin kuma ya tsattsage gida-gida. A 2019 aka ƙara zurfafawa, aka tarar wani nau'i na ƙwayar gado mai suna Alox15, mai alaƙa da kumburi da garkuwar jiki, ya ƙaru ainun a cikin wannan ƙarni. Ga sauyi nan yana faruwa a gaban ido, amma ƙwaya ɗaya ce cikin dubbai, kuma bai hana dabbar gudu sama ba.

A tsaunukan Alfs na Turai akwai mamot, babban dangin kurege mai barcin hunturu. Suna da yawa, ba wanda ke musu kallon masu ƙarewa, amma karatun DNA na 2019 ya nuna bambancinsu ƙanƙane ne ƙwarai: sun yi asararsa tun ƙarshen zamanin ƙanƙara, kuma jinkirin haihuwarsu ya hana shi dawowa. Yawan kai ba shi ne wadatar iri ba. Labari mai daɗi daga zomon ƙanƙara na Amurka ya zo, wanda ke yin fari fat da hunturu don ya saje da dusar ƙanƙara. A wuraren da ƙanƙarar ba ta daɗewa akwai masu zama ruwan ƙasa, kuma a 2018 aka gano cewa wannan launi aro ne: kakanninsu sun yi barbara da wani jinsin zomon daban suka gaji nau'in ƙwayar Agouti da ke hana farin fitowa. Maƙwabci ne ya cece su. Kyarkecin Bale ba shi da maƙwabcin da zai ara masa sai karen makiyayi, wanda ke kawo masa hauka.

Me ya shafi mai gona a Jazira?

Gaskiya ita ce Simiyen ba Nil Azrak take shayarwa ba. Yawancin ruwanta kogin Tekeze yake bi ya zama Setit ya shiga Atbara. Na Bale kuwa Somaliya yake nufa. Amma akwai tsaunuka uku da ruwansu ke wucewa ta ƙofar Maiwurno. Dutsen Choke a Gojjam, wanda ya haura mita 4,000, shi ne mafarin ƙoramu masu yawa da ke zuba a Abbay, sunan kogin a can. Dutsen Guna kusa da Debre Tabor daga gare shi kogunan Rib da Gumara ke gangarawa tafkin Tana, inda Nil Azrak ke fitowa. A duka biyun an taɓa samun kyarkeci, a duka biyun ya ɓace, na Choke tun da daɗewa, na Guna a 'yan shekarun nan, bayan gona da kiwo sun cinye ciyawar har kusa da ƙololuwa. Ciyawar nan da gajerun itatuwan tsauni su ne ke riƙe ruwan sama su sake shi sannu a hankali. In an kware su, ruwa ya zo gaba ɗaya da laka, rani kuma ƙorama ta ƙafe. Lakar da ta rage wa madatsar Sannar ta 1925 da ta Rusairis ta 1966 cikinsu ba daga sama ta faɗo ba. Babbar madatsar Habasha da aka fara a 2011 aka buɗe a Satumban 2025 yanzu tana tare mafi yawanta kafin ta ƙetaro iyaka, abin da ke nufin magudana za su huta amma mai noman jaraf da mai yin jan bulo za su ji a jikinsu.

Na uku shi ne Guwasa a ƙasar Manz, wanda wani ɓangaren ruwansa ke bin kogin Jamma zuwa Abbay. A can har yau akwai kyarkeci da jelada, kuma dalilin ba gwamnati ba ce. Mutanen wurin na da tsohon tsari da suke kira Kero, na kusan shekara 400, wanda ke rufe filin ciyawar na shekaru, ba yanka ba kiwo, sai dattawa sun ce a buɗe, domin da ita suke rufin ɗaki. Dokar filaye ta 1975 ta rushe tsarin, daga baya al'umma ta farfaɗo da shi a sabon salo. Ba don kyarkeci suka yi ba, don jinkarsu suka yi.

Akwai kuma wata alaƙa da ta fi kusa, tana ɗaure a turke. Saniyar Kenana, mai launin toka-toka da tozo, wadda aka san ta da nono a tsakanin Nil Azrak da Farin Nil, tana cikin shanun Afirka biyar da aka karanta DNA ɗinsu a wani bincike na 2017, aka ga alamun zaɓi a ƙwayoyin da suka shafi jure zafi. A 2020 wani babban bincike na masanan Koriya ta Kudu da cibiyar binciken dabbobi ta ILRI, a kan shanu 172 na iri 16, ya nuna cewa ƙarfin shanun Afirka daga gauraya ya samo asali: shanun asali marasa tozo sun haɗu da masu tozo na Asiya kimanin shekara 750 zuwa 1,050 da suka wuce, aka gaji jure cuta daga wannan, jure zafi da fari daga wancan. Abin da dabbobin tsauni suka rasa, saniyar ƙasa tana da shi a wadace. Amma ana zubar da shi. A kewayen Madani da Sannar da Khartum an daɗe ana barbarar Kenana da Firisiyan na Turai don nono ya ƙaru, ba tare da rajistar wace ce uwar wace ba, har tsantsar Kenana ta soma wuyar samu. Nonon kan ƙaru, sai dai 'yar da aka samu tana neman inuwa da dusa da likita fiye da uwarta, a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Tashar bincike ta Um Banen kusa da Sinja an kafa ta ne musamman don riƙe garken Kenana.

Yaƙin Sudan da ya ɓarke a 15 ga Afrilun 2023 ya bi ta kan wannan yanki duka. Dakarun RSF, masu yaƙi da sojan Sudan, sun kama Wad Madani a Disambar 2023, Sinja a tsakiyar 2024, kafin soja su karɓe Sinja a Nuwamba, Madani kuma a Janairun 2025. An kora dabbobi, an watsa ƙauyuka da sansanonin ma'aikatan gona, inda Hausawa da yawa ke zaune. A Madani ne rumbun adana irin shuka na ƙasar Sudan yake, mai ɗauke da dubban nau'o'in dawa da gero da riɗi da aka tattaro daga hannun manoma, kuma an wawashe firjin da ake ajiye su. Ma'aikatan sun tsira da abin da suka iya, a Fabrairun 2025 aka kai wani kaso, har da dawa, babban rumbun Sibalbad da ke cikin dutsen ƙanƙara a arewacin Nowe.

Ƙwayar dawa tana shiga ambulan ta yi shekaru a daskare. Saniya ba ta shiga, kyarkeci ma haka. A Habasha masu aikin sun soma auna yiwuwar ɗaukar 'yan kyarketai daga wani dutse a kai wani, ko a mayar da su inda suka ɓace, kuma taswirar DNA ce za ta nuna wanda ya dace a haɗa da wane. A Sudan aikin da ke gaba ya fi wannan sauƙin faɗi: a bi rugage da ƙauyukan Sannar da Nil Azrak a ƙirga tsantsar Kenana nawa yaƙi ya bari, a hannun wa suke, a ɗebi jini da maniyyin bijimai a adana kafin masu sake gina garke su cike gurbin da duk abin da suka samu a kasuwa.